An Goge Memori, Shi Ke Nan Labari Ya Ƙare?

Akwai wata fitowa da na gaji da gani a finafinanmu, haka nan na gaji da cin karo da ita a littattafan da ake turo mana ta waya. Mugu ya yi aika-aika, wani yaro ko 'yar aikin gida ta faki ido ta ɗauke shi hoto, labari ya ɗau zafi, mai kallo ya gyara zama. Can wajen ƙarshe sai mugun ya fizge kyamarar, ya danna wani maɓalli, ya saki dariyar nan tasu ta ƙeta, ya ce, "Na goge! To yanzu ina shaidarku?" Jarumi ya dafe kai, jaruma ta sulale ƙasa tana kuka, a sako kiɗan tausayi. Wani lokacin kuma akasin haka ake yi. Memori ya faɗa wuta, ko mota ta bi ta kansa ta raba shi biyu, sai a kai wa wani matashi mai farin gilashi da laftof, ya ƙwanƙwasa sau uku, hotuna su fito tangaran a jere, har da sunan kowa. Alƙali ya buga guduma.

Mai karatu, duka biyun ƙarya ce. Ba kuma a makaranta na koyi haka ba. A tsakanin Tambuwal da Kebbe na koya, ido na raina fata.

Cikin bazarar 2019 aka yi bikin 'yar kawuna. Aka ɗaura aure a Tambuwal, da la'asar motoci suka kwashi amarya sai Kebbe. Wanda aka ɗauka ya yi hoto yaro ne na unguwa, mai ladabi, da tsohuwar kyamararsa Canon ta gwanjo. A gidan ango, ana tsakiyar guɗa, batirinsa ya mutu. Shi kuma cikin gaggawa ya zare katin ya cusa a wata kyamarar da ya aro, ya ga ba ta karanta ba, ya mayar aljihu. Washegari da sassafe ya same ni a zaure, fuska duk ta yi fari.

"Yaya, katin ga ya ƙiya," in ji shi. "Kwamfuta na cewa sai an yi mai fomat. In danna?"

Da hoton amarya da ango ne kawai, da sauƙi, ai suna nan da ransu, sai a sake ɗauka. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne kakarmu. Tsohuwar nan tunda take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, in ban da na katin zaɓe, wanda ko ita ba ta gane kanta a ciki. Rannan ne kaɗai, saboda jikarta, ta zauna bakin gado ta riƙe hannun amarya ta bari aka ɗauka. Ba a yi wata biyu ba Allah Ya yi mata rasuwa. A lokacin ba mu san haka za ta faru ba, amma kowa ya san shekarunta.

Na kira wani abokina da ke koyar da kwamfuta a Sakkwato. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Kada ya danna komai. Akwai ɗan makulli a gefen katin, ku ture shi ƙasa, ku naɗe shi a takarda ku kawo min. Ko hoto ɗaya kada a ƙara ɗauka da shi."

Bayanin da ya yi min daga baya shi ne nake so marubutanmu su ji, kuma zan yi shi da misalin da duk wanda ya yi zamanin hayar littattafai zai gane. Ka tuna shagon nan na bakin kasuwa inda kake ba da naira biyar ko goma ka karɓi littafi kwana ɗaya? Mai shagon yana da kanta cike da littattafai, yana kuma da rajista inda ya rubuta sunan kowane littafi da layin da yake. To haka katin memori yake. Hotuna su ne littattafan, akwai kuma wata 'yar rajista a farkon katin da ke faɗin inda kowane hoto yake. In ka danna gogewa, sunan kawai aka soke a rajista, aka rubuta cewa wannan gurbin ba kowa. Littafin yana nan zaune a kanta har ranar da aka kawo sabo aka tura shi waje. Fomat na gaggawa da yawancin kyamarori da kwamfutoci ke yi, shi ma sabuwar rajista ce fara fat aka buɗe, kanta ba a taɓa ta ba. Abin da ya sami katinmu kuwa, wuta ce ta ɗauke wa magatakarda yana cikin rubutu, rajistar ta dagule, kwamfuta ta duba ta kasa gane komai, ta ce a kawo sabuwa.

Saboda haka mugun fim ɗinmu da ya danna maɓalli yana dariya, bai yi komai ba. Shaida tana nan daram a hannunsa.

Abokin nawa bai taɓa katin kai tsaye ba sai da ya kwafe shi ɗungurungum zuwa kwamfutarsa, ya ce in an yi kuskure a kan kwafi, asali yana nan. Sannan ya saki wata manhaja mai suna PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira kuma kyauta ake samunta. Akwai wata ma, Recuva, da ta fi sauƙin sarrafawa ga wanda bai ƙware ba. Aikin PhotoRec shi ne ta yi watsi da rajista, ta bi kanta layi-layi tana ɗaga kowane littafi tana duba bangonsa. Kowane hoto irin na JPEG da alama iri ɗaya yake farawa, wasu 'yan lambobi da ake rubutawa FF D8. Duk inda ta ga wannan alama sai ta ce ga farkon hoto, ta bi shi har inda ya ƙare, ta ajiye gefe. Ba a bugu uku aka gama ba. Mun yi sallar magariba, mun ci tuwo, mun dawo, abin yana ta tafiya.

To a nan ne, jama'a, labarin gaskiya ya fi na fim daɗi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fito ba shi da suna, sai lambobi barkatai. Ba a jere yake ba. Kuma ba bikinmu kaɗai ya fito ba. Ga wani suna da aka yi a Dogon Daji watanni kafin nan, ga taron siyasa da jama'a sun cika fili da tutoci, ga hoton fasfo na wasu ɗalibai, ga wani dattijo da ragonsa. Duk abin da yaron nan ya taɓa ɗauka ya goge, matuƙar sabon hoto bai hau kansa ba, ya dawo. A cikinsu har da hotunan wata budurwa da ban sani ba, ba lulluɓi, irin waɗanda mace ke yarda a ɗauka don ta gani da idonta sannan ta ce a goge a gabanta. Na tabbata an goge ɗin a gabanta, ta tafi gida hankali kwance. Abokina ya yi maza ya rufe. Muka yi shiru, kowa ya kasa kallon ɗan'uwansa.

Ku gaya min, wane marubuci ne zai sami wannan a hannunsa ya tsaya yana ɓata takarda da dariyar mugu? Mutum ya je neman fuskar kakarsa, ya dawo da asirin 'yar mutane. In da a ce ya san yarinyar fa? In da ita ce wadda ƙaninsa zai aura? Ya faɗa ko ya yi shiru? Ga littafi guda sukutum, mai ciwo, wanda ba ya bukatar aljani ko boka ko Alhajin da ke da jirgin sama. Masana'antar da wani ɗan guntun bidiyo na waya ya girgiza a 2007, har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, mutane da dama suka rasa abincinsu, ita ce ya kamata ta fi kowa sanin cewa hoto ba ya mutuwa don an so ya mutu. Amma har yau a labaranmu gogewa tamkar yankan wuƙa ce.

Hoton kaka ya fito. Sai dai rabi. Fuskarta tana nan, ɗankwalinta, idanunta da ta ɗan runtse saboda hasken kyamara, kafaɗar amarya a gefe. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa toka-toka ne fayau, kamar an shafe da siminti. Dalili shi ne daga sama zuwa ƙasa ake rubuta hoto, kuma in kati ya sha ɗauka da gogewa, gurabun da ke ciki sukan zama tsalli-tsalli, sai kyamara ta ajiye kan hoto a nan, ƙafarsa a can. Rajista ce kaɗai ta san inda ragowar take, ita kuwa ta dagule. Bidiyon shigar amarya ɗaki ma ya fito da nauyinsa, amma ya ƙi buɗewa, domin irin wannan bidiyo sai a ƙarshen ɗauka kyamara ke rubuta jagorar da ke nuna yadda za a karanta shi, batir kuwa bai bari an kai ƙarshen ba. Masu ɗaukar hoto a lokeshin, wannan taku ce: in jan haske ya fara ƙyaftawa, a tsaya a canja batir, kada a ce bari a ƙarasa wannan fitowar.

Abin dariyar shi ne, abubuwan da finafinanmu ke ɗauka da sauƙi su ne masu kisa. Ƙaramin memorin nan na waya, in ya tsage biyu, to sai dai haƙuri, domin ma'ajiyar da ƙwaƙwalwar duk a dunƙule suke cikin abu guda. Ruwa kuwa, wanda ake nuna mana a matsayin ajali, sau da yawa ba ya yi wa kati komai in an bar shi ya bushe sarai kafin a sa shi a na'ura. Babban makashin hoto ba shi da ban tsoro ko kaɗan a ido: ci gaba da ɗauka ne a kan katin. Sai kuma jabun kati, wanda ya cika kasuwanninmu. A rubuta maka gig 64 a jiki alhali cikinsa bai fi 8 ba. Zai yi ta karɓar hoto yana nuna maka komai lafiya, ashe ya cika tuni, na baya yana taka na gaba ko yana zubewa a iska. Wannan ko wa ka kai wa ba zai ceto ba, don ba a taɓa ajiye abin ba balle a nemo. Ita kuma ma'ajiyar cikin wayoyin zamani wani zance ne daban. A kulle take da lambobin sirri, in hoto ya bar kwandon shara, inda yakan yi kamar kwana 30 a yawancin wayoyi, dawo da shi sai wani ikon Allah. Ke nan marubuci sai ya fara tambayar kansa: a kati aka ɗauka ko a cikin waya? Amsar ita za ta nuna masa inda labarinsa zai bi.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai fim ne, wa ya damu? Mai kallo soyayya ya zo gani, ba darasin kwamfuta ba. Wannan uzuri ne na malalaci. Mu da muke tinƙaho da kallon Indiya, mu duba Drishyam na 2015, wanda Ajay Devgn ya fito a ciki. Duk rikicin fim ɗin a kan bidiyon da wani yaro ya ɗauki 'yar mutane a ɓoye ya taso. Dubi yadda uban ya yi da layin wayar yaron: ya sa shi a wata wayar, ya jefa a motar kaya mai tafiya nesa, don ya san 'yan sanda za su bi sawun layin. Marubucin ya zauna ya yi tambaya, ya san yadda abin ke aiki, shi ya sa mai kallo ke riƙe numfashi. Abin sha'awa ma, a cikin labarin, mutumin bai yi karatu mai zurfi ba, duk dabararsa daga kallon finafinai ya koya. Na rantse da a ce irin namu yake kallo, da tun a daren farko an kama shi.

Ko Ghajini na 2008. Aamir Khan ba ya iya riƙe abu a ka fiye da kamar minti 15, sai ya koma dogaro da hotuna da rubutun da ya yi a jikinsa. Da maƙiyansa suka tashi gamawa da shi, hotunan suka lalata, suka shafe rubutun, suka bar shi da rai ba tare da ya san ko shi wane ne ba. Fim ne na doke-doke, ba na ce ya fi ƙarfin suka ba, amma ya fahimci abu ɗaya da mu muka kasa: hoto ba takardar kotu ba ce kawai. A wurinmu kullum shaida ce, a kama mugu ko a wanke jaruma daga zargi. Ban cika ganin inda hoto ya zama abin da uwa ke ɓoyewa a ƙasan adaka tana fitowa da shi in dare ya yi ba.

Wani hanzari ba gudu ba. Wannan sakaci na cikin labari, shi ne dai sakacin da ke bayan kyamara. Duk wanda ya taɓa zama a lokeshin ya san yadda ake yi da kati. A yi wuni ana ɗauka, an biya 'yan wasa, an biya hayar gida, an sha rana, da dare a juye a na'urar ajiya guda ɗaya tilo, a yi wa katin fomat don aikin gobe. Na'urar kuma a jefa ta a jaka tare da waya da caja da ragowar tsire. Furodusa zai kashe kuɗi a kan leshin jaruma bai ji komai ba, amma a ce ya sayi na'ura ta biyu sai ya ce ɓarna ce. Alhali ko manya sun ga ta kansu. A 1998, ana cikin aikin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umurni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya share kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin, aka duba ajiyar ko-ta-kwana aka tarar ita ma ba ta aiki daidai. Abin da ya cece su wata ma'aikaciyarsu ce, Galyn Susman, da ke jego tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. A bargo aka naɗo kwamfutar aka kawo ofis kamar jariri. Mu wace mai jego muka ajiye?

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Shaihu Umar. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Shekara da shekaru ana jin sunansa a bakin malamai da masu bincike, amma ba mai iya nuna maka shi, har aka ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa na asali a cikin tarin gwangwanayen Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Didi Cheeka, wani mai sharhin fim na Legas, yana cikin waɗanda suka tsaya kan lamarin. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Labarin uwa ce da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta da aka sace, sai ga shi fim ɗin kansa ya yi shekaru a ɓace kafin a nemo shi. Na yi murna, amma murnar da ɗaci a ciki, don sai da baƙi suka sa hannu sannan muka ga kayanmu.

Kuma a lura, Shaihu Umar ya tsira ne saboda a kan faifan silima yake, wanda ko ya fara ruɓewa yana warin tsami, in ka ɗaga shi a haske za ka ga hoto da idonka. Kaset fa? Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda da shi ake fara lissafin finafinan bidiyo na Hausa a 1990, da Gimbiya Fatima, da In Da So Da Ƙauna, da Sangaya, da Wasila, wa zai bugi ƙirji ya ce ga inda kaset ɗin asali na kowannensu yake, a ɗaki mai sanyi, ba ƙura ba fumfuna? Abin da ke yawo a intanet na yawancin tsofaffin finafinanmu kwafin kwafi ne, dishi-dishi, murya na rawa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, ya daina tun 2016. Shi kuwa kati ya fi su duka rashin amana. 'Yar wutar lantarki ce ake tsarewa a cikin ƙananan ɗakuna, a hankali take zurarewa in an bar shi ajiye shekaru ba a sa shi a na'ura ba, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar Sakkwato, inda awo ke haura 40, ya san ba wurin ajiye amana a aljihun mota ba ne.

Na koma Kebbe bayan wancan biki ba sau ɗaya ba. Wanda ke bin labarai ya san abin da ƙauyukan yankin, can wajen iyaka da Zamfara da Kebbi, suka gani a hannun 'yan bindiga a shekarun nan. Mutum in ya gudo da dare, ba ya ɗaukar hoton bango. Wayarsa ce a aljihu, da ɗan memorin da ke ciki, cike da waƙoƙi da wa'azi da finafinan da 'yan tura-tura suka zuba masa, a can ƙasa kuma hoton gidansu, da rumbunsu, da ɗan'uwan da bai fito ba. Ranar da wayar ta ce a yi fomat, yaron shagon caji zai danna masa cikin daƙiƙa biyu, ya sake cika katin da sabon fim mai dogon zango don ya faranta masa. Finafinanmu ne da kansu za su hau kan hoton su taka shi. Ban ga wanda ya rubuta wannan ba tukuna, ko a littafi ko a allo, ga shi kuwa a ƙofar gidanmu yake faruwa.

Hotunan mutanen da ba namu ba, a daren nan muka share su daga kwamfutar abokina da manhajar da ke bin gurbi tana cike shi, katin kuma muka yi masa fomat mai zurfi wanda ke bin kanta layi-layi. Yaron mai hoto ya zo karɓar abinsa don yana da wani biki a Sanyinna ranar Asabar. Na ba shi, na kuma ja shi gefe na gaya masa abin da muka gani. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

Hoton kaka kuwa na kai aka wanke. Mai shagon ya ce akwai manhajar zamani da za ta zana mata zane da hannuwa ta cike wurin tokar, ba wanda zai gane. Na kawo wa kawu shawarar. Ya karɓi hoton ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa.

"Wane zane za su sa mata?" ya tambaye ni. "Sun san wanda ta ɗaura?"

Na ce a'a, Kawu, ƙirƙira za su yi.

Ya ce, "To a bar min Inna yadda ta fito."

Yana nan rataye a ɗakinsa a Tambuwal, sama da inda yake ajiye rediyo.